Amsa ga Alhaji kan dusar kwakwar manja

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji, na ji muryarka tun bayan Azahar, ina kan hanyar Mai'adua ne shi ya hana ni amsawa. Ka ce dusar kwakwa da ake kawowa daga Kudu, wadda masu shago ke ce ma PKC, ko tana yin kiwo, kuma mene ne asalinta. To bari in faɗa maka abin da na gani da idona, tunda na daɗe ina kai shanu Kudu ina dawowa da manja.

Ka san kwakwar manja ba ta yi a ƙasarmu ta Daura, itaciya ce mai son ruwa. Can Edo, Ondo, Akwa Ibom da Kuros Riba take. Kusa da birnin Benin ma akwai cibiyar bincikenta, NIFOR, wadda asalinta tun 1939 ne. In an saro nonon kwakwa aka dafa aka matse naman waje, shi ne manja. Sai ƙwallo ya rage. A fasa shi a ciro ƙwayar ciki a matse, shi ne man alayyadi. Abin da ya rage bayan matsar nan, kamar dai tunkuzar gyaɗa a wajenmu, shi ne dusar da kake tambaya.

Tana yin kiwo ƙwarai, musamman shanu, don akwai sauran maiƙo a jikinta. Amma Alhaji don Allah ka ji wannan da kyau. Kar ka zuba ma shanu ita zalla rana ɗaya, za su shinshina su kau da kai. Ka fara da kaɗan cikin dusar masara ko ƙowar wake, kana ƙarawa sannu a hankali, ga harawa a gefe. Tumaki kuwa a yi hattara. Akwai sinadarin tagulla da yawa a cikinta, hantar tunkiya ba ta jure shi in ya taru, sai ka wayi gari ragon layya ya kwanta. Masu kaji ma kaɗan suke haɗawa saboda ƙaiƙayinta. In za ka saya, tura hannu cikin buhu ka murza. Ka ji tsakuwar ɓawo ta yi yawa, ko warin fumfuna, bar masu kayansu.

Abin da ke ci mani rai shi ne sauran da ake zubarwa. Wallahi na tsaya a wata ƙaramar masana'anta na ga ɓawon ƙwallon nan tsibi guda kamar dutse, ana banka ma busassun nonnan wuta, ruwan matsar kuma yana gangarawa rafi, baƙi ƙirin, ga wari. Alhali ɓawon nan wuta gare shi mai ƙarfi, maƙeran can da shi suke aiki, ana kuma yin gawayi da shi. Har Japan na sayensa daga Indunusiya don samar da lantarki. Mu kuwa a nan muna sare gawo da marke muna ƙonawa, hamada tana matso mu. Busassun nonnan in an bar su suka ruɓe taki ne, tokarsu kuma ana yin sabulun salo da ita. Shi ruwan mai wari, a Malesiya da Indunusiya, waɗanda su biyu ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, manyan masana'antu na rufe tafkinsa su tara iskar gas su kunna injin. Tsintsiyar kwakwa da ke ɗakunan matanmu ma daga ganyenta ne.

Shawarata, motocin da ke kai mana shanu Kudu ai suna dawowa. Mu haɗa kuɗi mu cika mota guda da dusar, mu ɗora buhunan ɓawon kaɗan mu ba maƙera da masu gidan burodi su gwada mu gani. Duk mai so ya rubuta yawan buhun da yake buƙata a nan zaure kafin Juma'a, ni kuma zan kira mutumina na Benin in ji farashi da kuɗin mota. Alhaji a gaida gida.