Addu'ata ta bushe, ga kasuwa ta cinye mini lokaci

Ɗan'uwa, ka ce kana sayar da hatsi a babbar kasuwar Maradi, daga safe sai magariba, in ka durƙusa da dare barci ya kwashe ka, har kana tsoron bangaskiyarka ta mutu. Ba ta mutu ba. Karanta Zabura 13, za ka ji Dawuda ma yana kuka cewa Allah ya manta da shi.

Fara da sauya lokaci. Markus 1:35 ta nuna Yesu yana tashi da asuba ya keɓe don addu'a. Kafin ka fita, karanta 'yan ayoyi, ka riƙe guda ɗaya a zuciya.

Sauran kuma a rumfarka yake. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. In tsohuwa ta zo awon gero, ka cika mata tiya har ta yi tozo, ko da ba ta kallo. In wanda kake bi bashi ya zo ba ka haƙuri lokacin da hatsi ya yi tsada kafin kaka, kada ka kunyata shi gaban jama'a. Wannan ma sujada ce, kuma a ganina ta fi wuya.

Kada ka auna bangaskiya da yadda kake ji a ranka, ji yana hawa yana sauka. Ka kuma kiyayi masu neman kuɗi kafin su yi maka addu'a.

Ka zauna da fastonka ko wani dattijon ikilisiya ka faɗa masa komai. In kuwa rashin barci, rashin son abinci da baƙin ciki sun ɗauki makonni, ka ga likita ma.