Aikin babban masanin muhalli a kamfanin ba da shawara

Ƙanena, ka tambaya ko babban masanin muhalli a kamfanin ba da shawara zaman ofis kawai yake yi. A'a, yawancin aikin a daji ake yinsa. Wata dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Kai za ka jagoranci ma'aikata zuwa fadamun Haɗejiya, ku ƙirga tsuntsayen da ke zuwa gandun tsuntsaye na Baturiya daga Turai da hunturu, ku duba yadda ciyawar kachalla ta toshe magudanan ruwa bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Ka saurari masunta da makiyaya sosai, su suka san ruwan nan. Wuyar tana wajen rubuta rahoto: mai kwangila ke biyanka, kuma wani lokaci dole ka rubuta abin da ba ya so.