Tambaya da Amsa: Jan rubutu ya daina fitowa, amma lissafi ya ƙi daidaita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Na rubuta 'yar manhaja da Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, don lissafin adashen da mahaifiyata ke riƙe wa matan unguwarmu a Ƙofar Sauri. Kullum sai manhajar ta tsaya ta watso mini jan rubutu na saƙon kuskure. Wani ɗan ajinmu ya ce in zuba komai cikin try da except, in sa pass. Yanzu ta yi shiru, amma jimillar kuɗin ba ta cika. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikis salam, ƙanwata. Ki cire pass ɗin nan yau, kada ki kai gobe: try da except suna kama kuskure, pass kuma tana sa manhaja ta wuce shi ba tare da ta ce komai ba. Kamar direba ne ya ga fitilar mai ta kama, ya samo salatif ya liƙe ta. Wannan kuma kuɗin mutane ne, amana ce a hannun mahaifiyarki.

Mafi sauƙin kuskure shi ne SyntaxError: kin manta ɗigo biyu bayan if, ko kin buɗe baka ba ki rufe ba. Python ba za ta ma fara aiki ba sai kin gyara.

Naki matsalar tana cikin waɗanda ke tasowa bayan manhaja ta fara gudu. Duk abin da input, umarnin da ke karɓar abin da aka buga, ya karɓa, rubutu ne, ko da lamba aka buga. Kika haɗa shi da lamba kai tsaye, TypeError. Kika ba int, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, adadi mai waƙafi kamar 5,000, ValueError, domin ba ta karɓar waƙafin. Ina kyautata zaton nan kuɗinki ke zurarewa: duk zubin da aka rubuta da waƙafi, except ta haɗiye ƙorafin, pass ta tsallake shi, jimilla ta ragu ba wanda ya sani. Akwai kuma KeyError, idan kin ajiye suna Hauwa'u sannan kika nemi Hauwa, da ZeroDivisionError idan kika raba kuɗi kafin a shigar da ko mace ɗaya.

Jan rubutun daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe yana faɗin irin kuskuren, layukan samansa kuma suna nuna lambar layin da abin ya faru. Ɗalibai da yawa suna ganin tsawonsa su firgita, alhali amsar na wurin.

Ki riƙa kama kuskure da sunansa. Rubuta except ValueError, ki sa manhajar ta ce a sake buga adadin. Except tsirara, wadda ba a sa mata sunan kuskure ba, har danna Ctrl da C take haɗiyewa, ki nemi tsayar da manhajar ta ƙi tsayawa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kuskuren da ba ya kuka, wato manhaja ta gudu lafiya ta ba da amsar banza. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin fam, ɗayan da na niwton. Don haka ki ɗauko littafin adashen Mama, ki shigar da zubin mako guda, ki gwada jimillar da tata ta hannu. Kafin nan, ki yi amfani da replace, umarnin musanya harafi a cikin rubutu, ki cire waƙafi daga adadin, sannan ki miƙa wa int.