Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama, kuma minti 50 ya isa canjin jirgi?

Tambaya: Mahaifiyata za ta Umara, shekarunta 68 ga ciwon gwiwa. Tikitin jirgin da ke tafiya kai tsaye ya nuna tashi ƙarfe 2 na rana, sauka 8:30 na dare. Ejan ya ce akwai mai rahusa ta Addis Ababa, tikiti biyu daban, minti 50 tsakani. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki biya. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, kimanin awa huɗu da rabi ke nan. Saudiyya ta riga Najeriya da awa 2, kuma agogon garin da aka sauka ake rubutawa a tikiti, don haka 8:30 ɗin nan 6:30 ce a Kano. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa na kauce wa samaniyarta, saboda haka kada ki tayar da hankali in tafiyar ta ɗara haka.

Inda matsalar take shi ne tikiti biyun nan. Ta Addis Ababa hanyar ta zama kusan kilomita 4,700, amma ba nisan ne damuwata ba. Kullum ana yaudarar mutane da cewa "ai filin jirgi ɗaya ne, sauka za ta yi ta hau wani." Ba haka ba ne! Minti 50 ɗin daga tsayawar jirgi ake ƙirga shi zuwa tashin na biyu, alhali ana rufe ƙofar shiga tun saura minti 15 zuwa 20. Ki cire lokacin fitowar fasinjoji, da layin bincike, da tsohuwa mai dogara sanda tana neman lambar ƙofa a allon da ba ta iya karantawa. Me ya rage?

In tikiti ɗaya ne mai lambar rajista ɗaya, jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sa ta a jirgi na gaba, akwatinta kuma ya wuce har Jidda. In biyu ne, babu ruwan kamfani na biyu. Yawanci sai ta karɓi kayanta ta sake aunawa, kuma wurin awo kan rufe awa ɗaya kafin tashi. Za a rubuta ba ta zo ba, galibi har tikitin dawowarta ya soke. A lokacin ejan da ya ci ribarsa wayarsa a kashe take, Hajiya na zaune a kujerar ƙarfe a ƙasar da ba ta jin yarensu.

Ki ce ya turo miki takardar tikitin, ki duba da idonki cewa lamba ɗaya ce ta ɗauki tafiyar duka, da tazarar aƙalla awa 3. Ki kuma nemar mata keken guragu tun wajen saye, ba ranar tafiya ba. In da hali, ki biya na kai tsayen.