Kada ka biya tukuna: ni ma irin wannan kwamfiresar ta ƙone mini a hannu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Malam mai tambaya, da na karanta saƙonka daren jiya sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni ne na rubuta shi shekara uku da suka wuce. Ka ce famfon hannu da kake cika bindigarka ta iska da shi ya gama maka da ƙugu, ka samo butalin iska mai lita 6.8 da za ka riƙa ɗura mata daga ciki, kuma wani ya nuna maka ƴar ƙaramar kwamfiresa, wato injin matsa iska, mai aiki da batirin mota ya ce za ta cika maka shi, kana tambaya ko ka biya. Don Allah kada ka biya tukuna. Ba wai injin ba shi da amfani ba ne, yana da shi, amma ba a yi shi don butali ba. Wanda ya ce maka zai cika butali, ko bai sani ba, ko kuma ya sani sarai yana son kuɗinka.

Ni nawa mutumin ya sani. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Ba baƙo ba ne, tare muke sallar Juma'a, kuma yana zuwa Kano sayo kaya kusan kowane wata. Na je har shagonsa da butalina a hannu, na ajiye a gabansa, na ce Alhaji wannan nake son cikawa, har matsin iskar ya kai bar 300. Ya ɗaga shi ya juya, ya ce ai wannan wasan yara ne, minti 20 ka gama. Ya fito da wata ƴar akwati baƙa, ko suna babu a jikinta, da wayoyi biyu masu bakin kada na maƙalawa a batir. Jika 180 na ƙirga masa, kuɗin da na tara na gyaran rufin ɗaki kafin damina. Har ya ƙara mini da cewa in ta yi wani abu in dawo da ita, mu ai ƴan'uwa ne.

Watan Afrilu ne, kun san yadda Damagaram take a Afrilu, inuwa ma ƙuna take yi, zafi ya haura 40 tun kafin azahar. Na jona ta a motar maƙwabcina a ƙofar gida. Minti 20 ya wuce, agogon matsin iska bai ma wuce wajen bar 40 ba. Na ce bari in ƙara haƙuri. Minti 40, ƙarar ta fara sauyawa, daga tat-tat-tat ta koma kamar tana shaƙewa. Na taɓa murfin, na janye hannu da sauri. Da mai hankali ne da nan ya kashe, amma ni maganar Alhaji ce a kunnena, sai na ɗauko maficin uwargida na zauna ina yi wa inji fifita. Mafici fa! Yara sun taru suna kallo. Allura ta kai wajen 110 sai ta tsaya cak, injin na ta gudu amma babu abin da ke shiga, sai wari irin na ƙonannar roba, sai wani siririn hayaƙi ta wajen fanka. Shi ke nan. Ranar farko ke nan. Kuma da yake ban bar motar a kunne ba, batirin maƙwabcina ma ya kwanta, sai da muka turo ta da yamma, yana ta ce mini ba komai, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na mayar masa. Ya kalle ta ya ce ni na ƙona ta, wai wa ya ce in bar ta tana gudu haka. Na ce Alhaji kai ka ce minti 20. Ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. A gaban yaransa na shago ya faɗa, suna sunkuyar da kai don sun ji lokacin da ya faɗa. Sau huɗu ina komawa. Na biyu ya ce za a kai ta Kano a duba. Na uku ya ce mai gyaran ya yi tafiya. Na huɗu aka ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Daga baya na buɗe takardar da ke cikin kwalin, wani ƙanena da ya yi makaranta ya karanta mini, ashe a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa bindiga kaɗai ake cikawa da ita, kada a jona ta da babban butali. Takardar tana cikin kwalin da ya miƙo mini da hannunsa. Har yau muna gaisawa a masallaci, ya ce ina gajiya, in ce babu gajiya. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba, kuma rufin nan sai da ya yi mana yoyo damina guda cur.

To ka ga lissafin da ban yi ba, kai ka yi shi. Tulun iskar da ke jikin bindigarka bai fi sulusin lita ba, wasu rabin lita. Butalinka lita 6.8 ne, ya ninka shi sau 20 da wani abu. In za ka cika shi daga babu har bar 300, iskar da za a dunƙule a ciki ta kai lita 2,000. Ƴar ƙaramar nan fanka ce kawai ke sanyaya ta, an yi ta ta yi minti biyar ko goma ta huta. Ka sa ta aikin awanni a zafinmu, ai zoben fistin ɗinta narkewa zai yi. Idan bindigar ce kawai za ka riƙa cikawa kai tsaye, to saye ta, tana da daɗin ɗauka, ka je da ita garka a Mirriya ka cika a gindin bishiya. Sai dai ka bar motar a kunne, don tana jan wuta sosai, wajen amfiya 25 zuwa 30.

Don butali kuwa, mafi ƙanƙantar abin da zan ce ka duba shi ne mai sanyaya kai da ruwa, irin Yong Heng ɗin nan da ta cika duniya. Da kuran 220, wato wutar lantarki ta gida, take aiki, tana cin wajen kilowat 1.8, tana da mai a cikinta kamar injin babur, kuma tana zuwa da ɗan famfo da ake jefawa cikin bokiti yana zagaya ruwa ta kan silinda. Irinta nake da ita yanzu, shekara biyu. Amma ita ma ba jaka ba ce da za ka ɗora wa kaya ka tafi hira. Kana tsaye a kanta, ido a kan ma'aunin zafi. Ni ƙa'idata digiri 60, da ya taɓa nan na saki iska na kashe. Ban taɓa barin ta ta wuce minti 15 a jere ba. Ruwan ma kada ka yi rowa, bokitin fenti bai isa ba, rabin duro nake sawa, lokacin zafi in sayo ƙanƙara ta dala 20 in jefa. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, uwargida har faɗa take yi in ta ga na tsoma famfo a duronta, amma ruwan ba ya lalacewa, da shi ake wanki daga baya. Kuma ka kunna famfon ruwan kafin injin, ka ga ruwa na dawowa da idonka. Wani a nan ya manta da wannan sau ɗaya tak, ya san abin da ya gani.

Da asuba nake cikawa, bayan sallah. Iska da sanyi, kuran ma ya fi ƙarfi a lokacin. Maganar kuran ma, in layinku mai rauni ne za ka ji injin yana nishi kafin ya tashi, wannan nishin shi ke kashe motar injin. Kada ka ja ta da doguwar waya siririya irin ta cajin salula. In da gurup za ka yi aiki, ƙaramin nan na kunna fitila da talabijin ba zai ɗauke ta ba, nemi mai ƙarfin kilowat 3 zuwa sama. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Nijar a watan Agusta na 2023 ai famfon hannun da na raina shi na koma wa, na zaro shi daga ƙarƙashin gado ina ba shi haƙuri. Don haka naka ma kada ka sayar.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro: ruwan da ke cikin iska. Mu nan muna ganin ƙasarmu busasshiya ce, sai mu ce ina ruwa zai fito. A hunturu haka ne, ƙura ce matsalar, sai ka rufe inji da zane ka riƙa duba matatar bakin shan iska. Amma a Yuli da Agusta, iskar da za ta cika butalin nan tana ɗauke da ruwan da ya kusa ƙaramin kofin shayi. In aka matse ta sai ruwan ya fito, ya haɗu da tururin mai, in babu abin da ya tare shi sai cikin butali, daga nan sai cikin bindiga. Ɗan filtan audugar da ke zuwa da injin bai fi yatsa ba, ba ya isa. Na buɗe tulun bindigata bayan damina ta farko, na tarar da wani ruwa ja-ja mai warin mai, bawul ɗin ya fara tsatsa. Abin da ke riƙe bar 200 a kusa da kuncinka, tsatsa na cin sa ta ciki ba ka gani. Ranar ban yi barci ba. Ka sa kuɗin babban filta cikin lissafinka tun yanzu, dogon nan mai auduga da ƙwayoyin shan danshi, ka tsayar da shi a tsaye, ka riƙa sauya ƙwayoyin. Kuma duk minti biyar ka ɗan murɗa kusar sakin iska, za ka ga farin ruwa kamar nono ya feso. In ka ga haka kada ka firgita, aikinta ke nan, wanda ya fito shi ne bai shiga butalinka ba.

Kusar nan a buɗe ake tada inji, sannan a rufe. In za a kashe ma a fara buɗewa. Tiyo kuwa kada ka kuskura ka cire shi da iska a ciki, dukan da zai yi maka ya fi na bulala.

Wai akwai wanda ya rubuta a ƙarƙashin tambayarka cewa ka je wajen masu faci. Ɗan'uwa, injin mai faci bar 8 ne zuwa 10, tayar mota bar biyu da ɗan wani abu take sha. Ko kwana zai yi yana gudu ba zai motsa allurar bindiga ba. Wannan dai dariya ce. Wanda ba dariya ba shi ne masu cewa a je wajen mai walda a ɗura daga butalin oksijin, wai ai shi ma yana da ƙarfi. Wallahi duk wanda ya faɗa maka haka ka tashi daga wurin. Oksijin in ya haɗu da ɗigon mai a wannan matsin wuta yake kamawa, bindigar ta tashi a hannunka. Haka ma man inji ko giris na mota a kan zoben roba ko bakin tiyo, haramun ne a wannan harkar. Man silikon kaɗai, shi ma ɗan shafawa.

Akwai manyan kwamfiresa irin na masu nutso a teku, Bauer ta Jamus da Coltri ta Italiya. Ƙananansu ma suna ba da lita 100 a minti, butalinka cikin minti 20 da ɗoriya ya cika, iska a bushe tsaf. Kuɗinsu kuwa miliyoyi ne, sai dai in mutum goma za mu haɗu mu saya mu ajiye a gidan mutum ɗaya, kuma na san halinmu, wata uku za a fara rigimar wa zai sayi mai. Na taɓa kawo maganar a nan, mutum biyu suka amsa.

Ko wacce za ka saya, ka ce a haɗa maka da kayan gyara: zoben fistin, zoben roba, da ɗan faifan nan da ke fashewa in matsi ya wuce kima. Babu mai sayar da su a kasuwar Dole, in ɗaya ya mutu sai ka jira mai zuwa Kano ko ka yi oda ka zauna wata guda. Faifan in ya fashe kada ka bari wani ya yanko maka gwangwani ya toshe wurin, shi ne mai gadin ranka. Mai kashe kanta in ta kai adadin da ka saita ta fi, ƙarin kuɗin ba asara ba ne, ko da yake ni ko da ita ba na matsawa. Man farko ka zubar da shi da wuri, za ka ga ya yi baƙi da ɗan garin ƙarfe. Kuma ka sa a gwada ta a gabanka, a toshe bakin tiyo a ga allura ta hau 300 ta tsaya ba ta zubewa. In mai kaya ya ce ba a buɗe kwali, ka ce masa sai an jima. Ka kuma buɗe takardar ka karanta a nan cikin shagon, ko ka tafi da wanda zai karanta maka. Ka ji dai abin da ya same ni.

Butalin naka ma ban san inda ka samo shi ba, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Wasu daga cikin masu lita 6.8 da ke yawo tsofaffin na ƴan kwana-kwana ne da aka sauke daga aiki. Irin na zaren kabon yawanci shekara 15 aka ɗibar masa, kuma ana gwada shi duk shekara 5. Watan da shekarar da aka ƙera shi suna nan a jikin takardar da ke ƙarƙashin fentin. In an kankare wurin, ko ka ga zaren ya tashi, ko alamar ya sha wuta, kada ka sa masa ko bar 50. Ka duba bakin bawul ɗin kuma, na bar 300 zaren murɗinsa bakwai ne, na 200 biyar, kada ka sayi tiyon da ba zai zauna ba. In ka cika ka ga da safe ya sauka daga 300 zuwa 280, ba yoyo ba ne, iskar ce ta huce. Kada kuma ka bar shi cikin mota a rufe da rana.

Ka ɗauki hoton takardar jikin butalin ka turo nan mu gani kafin ka kashe ko dala. In kuma kana cikin gari, ni ina Birni, ka yi mini magana ta gefe, ka zo ranar Asabar bayan asuba da butalin, mu cika shi da tawa ka ga yadda ake yi da idonka. Ka taho da ƙanƙara.