Tunda zan sa na'urar sanyaya ɗaki, in rage tagogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina gida a Kano. Magini ya ba ni shawarar in bar taga ɗaya ƙarama a kowane ɗaki tunda zan sa na'urar sanyaya ɗaki, wai sanyi ba zai riƙa zurarewa ba, kuɗin wuta ma zai ragu. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ne a lokacin da na'ura take aiki ɗaki a rufe ya fi. Amma kada ka yarda a gina maka ɗaki mai taga ɗaya.

Na'urar da ake maƙalawa a bango, mai inji a waje, ba ta shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ɗakin take zuƙa, ta sanyaya ta, ta dawo da ita. Numfashin masu barci, hayaƙin turaren wuta, maganin sauro, warin sabon fenti, duk suna nan suna kewayawa, shi ya sa wani yakan tashi da asuba kansa ya yi nauyi. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, sankarau kuma ya fi kama mutanen da suka cunkushe a ɗaki ɗaya lokacin rani. Sannan ka tuna da ranar da za a ɗauke wuta a watan Afrilu, zafin Kano ya haura digiri 40.

Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. A yi tagogi biyu a bango daban-daban, in so samu ne suna kallon juna. Iska mai zafi sama take hawa, don haka a buɗe ƴar kafa kusa da silin, a sa mata raga. Tsakanin kwano da silin ma a bar kafofi; wurin nan ne zafi yake taruwa da rana, ya sauko wa mutane da dare, kuma magina da yawa suna toshe shi don kwalliya, abin da yake damuna ƙwarai. Bangon yamma shi yake shan ranar la'asar, a kare shi da baranda ko bishiyar darbejiya.

Buɗe taga kuma yana da lokaci. Da bazara a rufe da rana, a buɗe bayan isha'i har safiya, bango ya sha sanyin dare. Haka tsofaffin soraye na tubali da azara suke aiki. Da hunturu ƙura daga arewa maso gabas take tasowa, sai a rufe wannan ɓangaren a buɗe ɗayan.

Ta fuskar kuɗi, wutar da na'ura ɗaya take ci ta ninka ta fanka fiye da sau 10. Ka saita ta a digiri 25 ko 26 ka haɗa da fanka.

Kicin da banɗaki kowanne ya samu tagarsa. Janareta kuma a ajiye shi a fili, nesa da kowace taga, ba a zaure ko lungu ba. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Haka ma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.