Amsa ga Hajiya kan farin mabul ɗin kicin da ya dushe

Hajiya, barka da war haka. Kin ce farin mabul na kantar kicinki a Ajah, Legas, ya yi tabon manja, ya dushe inda ake yanka lemun tsami, ga rawaya-rawaya a bakin famfo. Matsala uku ce, kowacce da maganinta.

Wurin lemun tsamin ba datti ba ne, dutsen ne ya ciwu. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cin fuskarsa: lemun tsami, ruwan khal, tumatir, zoɓo, balle Harpic da masu aiki ke son zubawa ko'ina. Ko kwana za a yi ana wanki ba zai dawo ba. In ɗan kaɗan ne, hodar goge mabul da ɗanyen tsumma sun isa. In yatsa na jin kaushi, sai mai injin gogewa.

Manja kuwa shiga yake cikin ƙofofin dutsen, sai an tsotso shi. Ki kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki shafa kaurin rabin santimita, ya zarce bakin tabon. Ki rufe da leda, ki manne gefen da salatif, ki bari awa 24 zuwa 48. Ki cire ledar, ya bushe sarai kafin a kankare da cokalin roba, don a bushewar ne yake jan man. Tsohon tabo kan nemi sau biyu ko uku.

Rawayar bakin famfo galibi ruwan burtsatse ne mai ƙarfe, abin da ya zama ruwan dare a yankin Lekki da Ajah. Kada a sa bilic, ƙara kama tsatsar yake. A sa matacin ruwa, a riƙa tsane wurin.

Bayan nan ki ɗiga ruwa a kai, ki jira minti 15. In wurin ya yi duhu, dutsen na sha, yana buƙatar sila mai shiga ciki, wato maganin shafawa da ke hana dutse shan ruwa da mai. A shafa a busasshen dutse, a goge rarar kafin ta bushe, in ba haka ba ta bar danƙo. Da laimar Legas, a ba dutsen kwana biyu ya sha iska tukuna kafin a shafa.

Wankin yau da kullum, ɗigon sabulun kwanuka a ruwan ɗumi. Ban da soson ƙarfe.

Da a ce yanzu za ki kasuwar Orile Coker saye, giranit mai duhu zan ce ki ɗauko wa kicin, mabul a bar wa falo.